RA'AYI: Mai hoto, sayi gilashi mai araha, amma kada ka narkar mana da Birnin Damagaram

Kwana ɗaya ko biyu bayan sallah, duk wanda ya buɗe Facebook ko TikTok zai ci karo da hotunan samari da 'yan matan Damagaram. Shadda ta sha bugu, hula ta zauna daram, lalle ya kama. Fuska ta fito tar kamar ka kai hannu ka taɓa. Bayan mutum kuwa babu komai sai wani hazo mai laushi, ja-ja ko ruwan ƙasa, kamar an dama kunu an shafe bango da shi. Ko a ƙofar fada aka tsaya, ko a Zango, ko a Yamai, ko a Dubai, hoton ba zai gaya maka ba.

Wannan shi ne yayi. Amarya na so, ango na so, ɗan siyasa ma na so a fastarsa. Shi ya sa duk matashin da ya samu kyamara, ko shi ya tara kuɗin ko wansa ne ya aiko masa daga Libiya ko Aljeriya, tambayarsa ta farko ita ce: wane gilashi zan saya bayan hoto ya narke? Gilashin da ake nufi shi ne wanda masu hoto a Kano ke kira lens, namu na nan kuma su ce objektif. Narkewar kuma sunanta bokeh a wajen masu sana'ar, kalmar Japananci ce da wata mujallar masu hoto ta Amurka, Photo Techniques, ta yaɗa a 1997. Ta zama ruwan dare ne daga 2016, lokacin da kamfanin Apple ya sa wa iPhone 7 Plus dabarar kwaikwayonta, sauran kamfanonin waya kuma suka bi sahu.

Amsata ga mai tambayar gajera ce: sayi 50mm f/1.8, ka riƙe sauran kuɗinka. Ina da wata magana da ta fi wannan nauyi a kan abin da ake yi da gilashin bayan an saya, amma bari mu fara da kuɗin, tunda a nan ne ake yi wa yara wayo.

A jikin kowane gilashi akwai lambobi biyu. Mai ɗauke da mm ita ke nuna yadda yake jawo abu kusa. Mai ɗauke da f kuma ita ke nuna iyakar buɗewar ƙofar da haske ke shiga, kuma ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Idan ka raba ta farko da ta biyu, za ka samu faɗin ƙofar. Gilashin 18-55mm da ke zuwa tare da yawancin ƙananan kyamarori, idan ka kai shi 55 yana tsayawa a f/5.6, ƙofarsa ba ta kai milimita 10 ba. Na 50mm f/1.8 yana ba da milimita 28. Na 85mm f/1.8 yana ba da 47, na 85mm f/1.2 kuma 71. Matuƙar girman mutum a cikin hoto ɗaya ne, kuma abin da ke bayansa na da nisa, wannan faɗin ne ke yanke yawan narkewar. Sirrin ke nan gaba ɗaya, babu wani tsafi a ciki.

Yanzu duba farashi. Lokacin da Canon ya fitar da EF 50mm f/1.8 STM a 2015, dala 125 ya sa masa, abin da bai kai jaka 100 na sefa ba, kuma nauyinsa giram 160 ne kacal. Shi kuwa RF 85mm f/1.2 da ya fito a 2019, wanda masu bidiyon YouTube ke ta kururutawa, dala 2,699 aka sa masa a lokacin, wajen miliyan ɗaya da rabi na kuɗinmu. Nauyinsa ya haura kilo guda, kuma ba ya hawa tsofaffin kyamarorin da ke hannun yawancin masu hotonmu, sai an sake sabon jiki. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake jaka 42 a wata, wannan albashin kusan shekara uku ne. Kuɗin babur ɗin kabu-kabu ne har da canji mai yawa. Hoton suna da na ɗaurin aure nawa za ka ɗauka a Garin Malam kafin ya dawo da uwar kuɗinsa?

An ce araha ba ta ado. A wannan wuri dai ta yi. Daga gilashin da ya zo da kyamara zuwa 50mm f/1.8, narkewar ta ninka kusan sau uku, hasken da ke shiga ya ninka kusan sau goma. Daga nan zuwa mai miliyan ɗaya da rabi, narkewar sau biyu da rabi za ta ƙaru, kuɗin kuwa ya ninka fiye da sau 20.

Ga kuma abin da mai kanti ba zai gaya maka ba: ƙafarka ta fi wancan tsadadden gilashi aiki. A ce kana tsaye mita biyu daga mutum, bango kuma na bayansa da rabin mita. Ka janye shi zuwa inda bangon zai koma mita takwas a bayansa, kai kuma ka ci gaba da barin mita biyu tsakaninku. Narkewar ta ninka sau huɗu, ba ka kashe ko dala ba. Wanda ke jingina amarya da labule yana kukan gilashinsa ba ya narkar da baya, tsayuwarsa ce ba daidai ba. Ko dogon gilashin nan mai jawo nesa da wasu ke rainawa, idan aka kai shi 200mm a f/5.6, ƙofarsa milimita 36 ce, ta fi ta 50mm f/1.8. Sai dai ka ja baya kamar mita takwas, ka riƙa ɗaga murya kana cewa a ɗan juyo.

Me ya sa 50 ba 85 ba, alhali ko'ina ana cewa 85 ne sarkin hoton fuska? Saboda masu faɗin haka da manyan kyamarori suke aiki. Ƙananan Canon irin su 2000D da 700D, da Nikon irin su D3500 da D5300, farantin da ke karɓar haske a cikinsu ƙarami ne, yana yanke gefen hoto. A kan Canon, 50 yana kama abin da 80 ke kamawa a babbar kyamara, 85 kuma ya koma kamar 136. Idan kana so ka ɗauki amarya daga ɗauri har takalmi da 85 a irin wannan kyamara, sai ka ja baya mita bakwai. Wane ɗakin amarya ne a Birni ke da mita bakwai, bayan gado da sif da jeren kwanoni? Da 50 mita huɗu da 'yan kai sun isa, da 35 kuma mita uku. Wanda aikinsa ya fi yawa a cikin ɗaki, 35mm f/1.8 ma zai fi yi masa amfani.

Mai Nikon ya kula da abu ɗaya. Jerin D3000 da D5000 ba su da injin saiti a jikinsu. Idan ka ga 50mm f/1.8D da araha ka saya, zai hau, amma da hannu za ka riƙa murɗawa. Wanda ke saita kansa shi ne mai AF-S da harafin G. Akwai kuma na kamfanin Yongnuo na ƙasar Sin, wanda ya fi duka araha; yana narkar da baya, sai dai saitinsa na da ƙara da jinkiri. Idan na hannu za ka saya, a Kano ko a Yamai ko ta hannun wani a waje, ka haska tocilar waya ta cikinsa. 'Yar ƙura ba komai ba ce, mu da ke zaune cikin hunturu ba za mu rabu da ita ba. Amma idan ka ga hazo ko wani zane kamar saƙar gizo-gizo, ajiye musu kayansu. Ka ɗora shi a kan taka kyamarar, ka ɗauki idon mai sayarwa a f/1.8, ka zuƙo ka gani.

To an saya. Kuskuren da ke biyo baya shi ne a murɗa shi zuwa 1.8 a bar shi nan har abada, kamar an kulle an jefar da makulli.

Rana ta farko za ta hukunta ka. Tsohuwar ƙa'idar masu hoto ta ce a tsakar rana, da ISO 100 da f/16, ƙiftawar kyamara 1/100 ce. Idan ka buɗe zuwa f/1.8, sai ƙiftawar ta kai 1/8000 kafin haske ya daidaita. Ƙananan kyamarorin da na ambata a 1/4000 suke tsayawa. Ke nan farar shadda a filin idi, ƙarƙashin ranar Damagaram, za ta ƙone ta zama farar takarda, aikin da mai ɗinki ya kwana yana yi a wuya ya ɓace. Maganin shi ne inuwa, ko baƙin gilashin rage haske da ake ɗaurawa a gaba, ko kuma a rufe ƙofar zuwa 2.8 ko 4.

Sai kuma ƙuncin wurin da ke fitowa tar. Da 50mm f/1.8 a ƙaramar kyamara, daga mita biyu, wajen santimita 11 ne kawai ke cikin saiti. Da 85mm f/1.8 a babbar kyamara kuwa santimita shida ne, bai kai tsawon yatsa ba. Ido ya fito, kunne ya tafi. Mai rawani ya fito, amma amawali da kunnuwan rawanin sun dushe. Mafi muni shi ne hoton dangi: ango da abokai layi biyu, na gaba tar, na baya kamar aljanu. Uwar amarya da ta tsaya taku ɗaya a bayan 'yarta ta koma inuwa, kuma ita ce ta biya kuɗin hoton. Irin wannan ba ya gyaruwa a kwamfuta.

Ya kamata a tuna ma dalilin da ya sa aka fara ƙera irin wannan gilashi. A 1840 wani masanin lissafi a birnin Viyana, Joseph Petzval, ya tsara gilashin hoton fuska mai f/3.6, don a wancan zamani sai mutum ya sandare na tsawon mintuna kafin hoto ya kama. Haske yake nema. Har gobe babban amfanin f/1.8 ke nan a wajenmu: ɗakin amarya mai ƙwan lantarki ɗaya, zaure bayan magariba, walimar dare lokacin da aka ɗauke wuta. Narkewar baya gyara ce da ta biyo ciniki.

Yanzu ga maganar da na ce ta fi nauyi. Wa ake ɗaukar wa hotunan nan?

Kaso mai yawa daga cikinsu ta WhatsApp suke tafiya, zuwa ga ɗan'uwa da ke aikin gini a Sabha ko Tamanrasset, ko mai gadi a Legas, ko ɗaliba a Maroko, ko gwaggo da ta shekara goma a Makka. Duk wanda ya taɓa zama a waje ya san abin da ake yi da hoton gida. Fuskar ƙanwa kallo ɗaya ake mata, a yi murmushi. Daga nan sai a sa yatsu biyu a zuƙo bayanta. Darbejiyar ƙofar gida na nan? An shafe zauren da siminti? Wace tsohuwa ce wancan a kan tabarma? Ashe maƙwabta sun ta da bene? Wanda ke nesa gida yake nema a cikin hoto, mu kuma mun biya kuɗi an goge masa gidan, an aika masa fuska tana yawo a cikin hazo.

Kuma ba kowane gari ne ke da irin bayan da muke gogewa ba. Damagaram ce babban birnin Nijar a zamanin mulkin Faransa kafin a mayar da shi Yamai a 1926. Tun 2006 unguwar Birni da fadar sarki ke cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO don a duba yiwuwar sanya su cikin kayan tarihin duniya, matsayin da Agadas ta samu a 2013. Manyan duwatsun da gidaje suka raɓa, zanen da magina suka yi a fuskar zauruka, zankwaye a kan soraye, jajayen kayan dogarai a ƙofar fada: baƙi jirgi suke hawa su zo su ɗauka. Mu da muka gada, mun sayi gilashi don mu kawar da su.

Ginin ƙasa kuwa ba ya jira. Ganuwar da Sarki Tanimun ya kewaye Birni da ita a ƙarni na 19, yau sai 'yan guntaye. A farkon watan Satumba na 2024, ruwan sama kamar da bakin ƙwarya ya rushe tsohon masallacin Birni, wanda ke tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19. Ko an sake gini, wancan da kakanni suka ɗora da hannunsu sai dai a hoto. Ina so mai karatu ya yi tunanin samari nawa ne suka tsaya a gabansa da sallah a shekarun ƙarshe na rayuwarsa, kuma a cikin hotunan nawa ne za a iya gane shi. Kowace damina akwai zauren da ke faɗuwa a Birni ko Zango wanda babu jaridar da za ta ba da labarinsa, kuma sau da yawa shaidarsa ɗaya ita ce hoton wani biki da aka yi a ƙofarsa.

Manyan masu hoton fuska na yankinmu ba da goge baya suka yi suna ba. Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, zane mai ado yake shimfiɗawa a bayan mutum, ya ajiye masa rediyo ko keke ko babur, kuma komai na fitowa. Malick Sidibé, wanda aka ba babbar lambar yabo ta bikin baje kolin fasaha na Venis a 2007, samarin Bamako ya bi wuraren rawa da bakin kogi. Abin da ya sa ake rububin hotunansu yau shi ne mutum na ganin zamanin gaba ɗaya: yadin da ake yayi, agogo, takalmi, tabarmar ƙasa. Da sun narkar da duk wannan, da fuskokin baƙi kawai suka bar mana.

Na san abin da masu hoto za su ce, kuma wani ɓangare na maganarsu gaskiya ne. A gidan biki akwai matan aure a zaune a tsakar gida waɗanda ba su yarda hotonsu ya shiga intanet ba. A nan narkar da baya mutunci ne, kuma ina goyon bayansa ɗari bisa ɗari. Haka hoton fuska zalla na amarya, inda kwalliya da ido ake son gani, babu mai cewa a sa garwar ruwa a ciki. Za su kuma ce mai kuɗi shi ke da zaɓi, idan ba ka narkar ba ya tafi wajen wanda zai narkar. Wannan ma haka ne, kodayake a nan akwai abin lura: wayar da ke aljihunsa tana yi masa wannan narkewar kyauta, ko da tana cinye gefen gyale da bakin hula. Idan abin da kake sayarwa ke nan kaɗai, kana gasa ne da waya, kuma kullum wayar ƙara ƙwarewa take.

Hujjar da ban karɓa ba ita ce wadda ba a cika faɗa da ƙarfi ba: wai bayan namu abin kunya ne. Leda a kan ƙaya, kwata a lungu, bangon da ya zaizaye, jerin jarkoki masu jiran ruwa. Gaskiya ne akwai su, matsalar ruwan Damagaram kuwa ta girmi yawancin masu karanta wannan. Amma mai hoto na da ƙafa, yana iya matsawa taku biyar ya sami bango mai zane maimakon juji. Wanda kuma ke kiran kansa ɗan jarida, jarkokin nan su ne labarinsa. Hoton mai turin ruwa da aka narkar da layin da ke bayansa hoton fasfo ne. Aïcha Macky, 'yar garin nan, ta kai kyamara Kara-Kara ta yi fim ɗin Zinder da ya fito a 2021 ya zaga duniya. Ana iya muhawara a kan yadda ta nuna garin, an kuma yi, amma samarin da ke ciki a unguwarsu aka gan su, da ƙarafan motsa jikinsu da lungunansu. Yaron da ya tashi yana ganin cewa hotonsa ba ya kyau sai an share inda ya fito, wani abu ake koya masa game da kansa, ko da babu wanda ya furta.

Abin da nake roƙon masu hoto ba shi da wuya, kuma ba zai rage musu ciniki ba. A kowane aiki a ba mutum iri biyu. A yi masa na yayi a f/1.8 ko f/2, ya sa a shafinsa. Sannan a ja baya, a rufe ƙofar, a ɗauke shi da inda yake tsaye. Da 50mm a f/4, mutum na mita uku daga gare ka, bango na mita uku a bayansa, zanen zaure zai yi laushi yadda ba zai yi gasa da fuska ba, amma duk ɗan unguwa zai gane gidan wane ne. Hoton dangi a fara daga f/5.6 zuwa f/8. Ranar hawan sallah, mahayi da dokinsa da masu algaita da kakaki ba za su shiga cikin santimita 11 ba, a ba su f/5.6 a bar fada ta fito a baya. Bayan la'asar sakaliya, lokacin da rana ta kwanta a kan jar ƙasar Birni, shi ne lokacin da zane ke tashi, kuma farar shadda ba ta ƙonewa.

Idan an gama, a rubuta sunan unguwa da shekara a jikin fayil ɗin, a ajiye na asali a kwamfuta ko a wani katin daban. WhatsApp na matse hoto idan aka tura shi kai tsaye, ƙananan abubuwan da ke baya su ne farkon lalacewa. Wanda za a aika wa na waje, a tura shi a matsayin fayil, yadda idan ya zuƙo zai ga darbejiyar.